Jinin Bappa Da Ba Mu Binne Ba

Ranar Talata bayan azahar muka kai Bappa, wan mahaifina, makwancinsa a cikin garin Yola. Tun daga maƙabarta har muka dawo kan tabarma, maganar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce, "Ya huta." Kowa ya tsugunna sai ya faɗa, wasu da Hausa, wasu da Fulatanci. Na san da zuciya ɗaya suke faɗi, amma a rana ta biyu sai da na tashi na shiga gida, don kada in gaya wa wani dattijo baƙar magana. Kamar mutumin nan bai yi komai a duniya ba sai jinyar shekara shida.

Mutanen Mubi, garin da Bappa ya yi wanzanci, su ne suka sanyaya mini rai. Wani tsoho ya cire hularsa a gaban jama'a, ya shafa kansa ya ce, "Tun da Wanzam ya ajiye aska ban ƙara jin daɗin aski ba. Na yanzu da injinsu, sai ka ce shara ake yi maka a ka." Aka yi dariya, shi kuma ya mai da hular yana share ido. Wata mata ta aiko daga cikin gida cewa a kan hanyar gudun hijira ta haihu, kuma Bappa ne ya yi wa jaririyar askin suna a gindin bishiya, da ruwan da bai cika kofi ba. Maƙwabcinmu Kirista, tsohon hedimasta, ya sunkuya ya nuna mana tabon ƙaho a ƙeyarsa, ya ce har matarsa ta daina yi masa faɗa a kai, tun da ciwon kan ya tafi.

A rana ta uku Goggo ta aika a kira ni. Ita ce ke bin Bappa a haihuwa, mahaifina kuma shi ne autansu. Ta kori jikokinta daga ɗakin, ta dube ni ta ce, "An binne shi. To, jininsa fa?"

Na san abin da take nufi. A wani ɗakin gwaji a Jimeta akwai ƙananan kwalabe bakwai na jinin Bappa a cikin firiza. Ni na riƙa kai shi ana ɗiba, ni na sa hannu a takardun a matsayin shaida. Goggo ta ce ba za ta runtsa da daɗi ba sai an karɓo an haƙa rami an rufe. Wannan maganar ce ta sa nake wannan rubutu, don duk wanda ya ji ta a sama zai ɗauka gardamar tsofaffi ce kawai, alhali bai san wanda ake magana a kansa ba.

Bappa wan mahaifina ne, wanzami ɗan wanzami. Baba ya bi boko ya zama akawu a Yola, shi kuwa ya zauna a Mubi da zabirar gidanmu. Dogo ne, siriri, mai manyan yatsu, ba ya son a yi masa magana idan yana wasa aska. Ni "Malam Boko" yake ce mini tun ina firamare, da na zama malamin makaranta kuwa sai ya ce bakinsa ne ya kama ni. In na je hutu yakan kama kaina ya juya shi kamar mai sayen kabewa, ya ce, "Wa ya yi maka wannan ɓarnar? Faɗa mini sunansa in je in yi wa uwarsa jaje."

Abin da kowa ya san shi da shi shi ne bai taɓa barin jinin mutum a fili ba. In ya yi ƙaho, cikin sakaina mai yashi yake juye abin da ya fito. Kafin ya wanke hannu, kafin ya amsa sallamar wani, sai ya zagaya bayan gida da 'yar fartanyarsa ya haƙa rami ya rufe, ya taka da ƙafa. Ko ruwa ake yi sai ya je. Yakan ce, "Jini ba shara ba ne, mutum ne." Na taɓa ganin ya yi wa wani ɗan uwansa wanzami tatas a kasuwa don ya watsa jinin ƙaho a kwata, suka shekara ba sa gaisawa.

Shekarar da 'yan ta'adda suka fatattaki mutanen Mubi, da ƙafa ya fito. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen aure, don haka shi kaɗai ne. Bai ɗauki riga ba, bai ɗauki takardar gida ba, zabira kawai ya rataya. Kwana da kwanaki ba mu san inda yake ba, sai ga shi a bayan wata motar itace, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi fita sai da aka yanka. Bai taɓa ba mu labarin hanyar ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Mun zo."

Baba ya ba shi ɗaki a gidansa na unguwar Mbamba. Kafin sati biyu ya shimfiɗa buhu a gindin dalbejiyar ƙofar gida, 'yan gudun hijira suka riƙa yin layi. Bai karɓi ko sisi a hannunsu ba. Ya ce mutumin da ya rasa gida, in ka bar shi da ƙasumba, sai ya fara ganin kansa mahaukaci. Askin ke nan da tsohon Mubi yake kewa.

Akwai abin da ba a faɗa a gidanmu, ni ma sai da na girma na ji. Kakanmu, mahaifinsu, ya rikice kafin ya rasu. Ya manta sunan 'ya'yansa, ya riƙa fita yana ɓata, har aka taɓa tsinto shi a tashar mota yana neman uwarsa da ta mutu tun yana saurayi. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Babbar yayarsu ma haka ta ƙare. Bappa ne ya yi jinyar kakan, kuma shi da bakinsa ya gaya mini wata rana muna zaune a gindin dalbejiyar: "Ni na ɗaure ubana da igiya a ƙafa, bingel am, ɗana, kamar akuya. In ban ɗaure ba mota za ta kashe shi." Ya ce ya yi wa mahaifin nasu ƙaho ya fi sau ashirin, kowane karo sai ya ɗaga sakainar a rana ya duba, ko zai ga mugun abin da ke cin kansa. "Jini ne kamar na kowa. Amma na san yana ciki. Idona ne bai kai ba."

Nasa ya fara a hankali, bayan 'yan shekaru da zuwansa. Ya riƙa neman hular da ke kansa, muka riƙa yi masa dariya, shi ma yana yi. Sai ranar da Dada, mahaifiyata, ta fito da yamma ta ga sakaina a gindin bishiya, jini ya bushe a ciki, ƙudaje sun rufe. Tun hantsi ya yi wa wani mutum ƙaho ya tashi ya shiga ɗaki. Da aka nuna masa, ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki fartanya ya je ya binne, ya dawo ya naɗe zabirarsa ya miƙa wa Baba ya ce a ajiye a sama. Daga ranar bai ƙara taɓa kan kowa ba.

Ni na kai shi asibiti. Bayan tambayoyi da zane-zanen da suka ba shi haushi, aka ce cutar mantuwa ce da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma ba ta da maganin warkewa. A nan muka haɗu da wata likita, 'yar wajen Numan, mai bincike a kan wannan cuta. Ta ce suna neman tsofaffin da za su yarda a riƙa ɗibar jininsu sau biyu a shekara. Ni na so mu tafi, don na gaji, amma Bappa da ya ji an ambaci jini sai ya gyara zama.

Hausarta irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Baba, kowane mutum yana da rubutu a cikin jini nashi, wanda ya gada daga mama da baba. Wannan ba ya canja. Amma rayuwa yana sa tabo a kan rubutun. Tsufa, yunwa, tsoro, ciwo. Tabon zai iya rufe wani layi, ya buɗe wani. Mu muna neman alama a cikin rubutun ko a cikin tabon, wanda zai nuna ciwon nan tun mutum bai fara mantuwa ba."

Bappa ya ce, "Wato gudun da muka yi ma yana nan a ciki?"

"Wataƙila. Ba mu sani ba tukuna. Shi ya sa muna so jinin mutum ɗaya, yau, da baɗi, da bayan baɗi, mu ga abin da ya canja."

"Kin gani da idonki?"

"Ido ba ya gani, Baba. Inji ne."

Ya juyo ya dube ni kamar wanda ya ci shari'a. Ita kuma ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ba za ta ba shi magani ba, ba za ta gaya masa sakamakonsa ba, ƙila ma su yi shekaru ba su ga komai ba. Ta ce kakarta haka ta yi a ƙauyensu, mutane suka ce mayya ce, yara suka riƙa jifanta, abin da ya kawo ta wannan aikin ke nan. Bappa ya ce, "To ba ni zai yi wa amfani ba." Ta ce a'a. Ya tambayi inda jinin zai zauna, ta ce a firiza, shekara da shekaru. Na zuba ido in ga ya miƙe. Sai ya naɗe hannun rigarsa, har yana nuna wa ma'aikaciyar jijiyar da ta fi kyau.

A gida aka yi rigimar da ban taɓa ganin irinta tsakaninsu ba. Baba mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga wa wansa murya ba, amma ranar ya ce, "Hamma, kai da ka hana mu barin ɗigon jinin baƙo a ƙasa, naka za ka bari a kwalba kusa da na arna da na kowa? Ka san inda za su kai shi?" Bappa ya ce, "Kai da ka gudu daga aska, yau kai za ka koya mini jini? Kana Yola kana buga tafireta lokacin da nake wanke kashin ubanmu." Maganar ta yi zafi. Baba ya shiga ɗaki, wata guda gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Washegarin rigimar Bappa ya kira ni bayan gida, ya riƙe wuyan hannuna da yatsun nan nasa. Ya ce, "Malam Boko, na ga yadda abin nan ke tafiya. Rana na zuwa da zan ce ba na so. Ranar ba ni ke magana ba. Ka kai ni duk da haka. In na mutu kuma kada ka bari a taɓa kwalaben. Kuna da yawa a bayana." Na ce na yi alkawari. Na faɗa da sauƙi, don a lokacin ina ganin ranar tana da nisa.

Sau shida muka je lafiya. Da farko yakan tsokani ma'aikatan, ya ce hannunsu ya yi nauyi, da a wurinsa suka koya da ya kore su. Daga baya ya daina tsokana. Ya daina kirana Malam Boko, ya koma ce mini "ɗan'uwa", irin yadda ake kiran wanda ba a san sunansa ba. Ƙarar babur ta riƙa sa shi neman wurin ɓuya. Hanyar da ya ƙi ba mu labarinta ta riƙa fitowa gutsure-gutsure: ya ce a kwanta a cikin dawa, ya ce a rufe wa yaron baki, ya ce kada a dubi gefen gada. Dada takan bar girki ta zo ta zauna kusa da shi har abin ya wuce.

Zuwa na bakwai shi ne wanda ya hana ni sakat. Da ya ga allura sai ya maƙale hannunsa a ƙirji, ya ce shi talaka ne, wanzami ne, ba shi da kowa a soja, a bar shi ya wuce. Likitar ta sa aka mai da allurar, ta ce, "Ba ma ɗauka da ƙarfi. In ya ce a'a, a'a ne. Ku je gida." Ta fita duba wani. Ni kuma alkawari na cina. Na tsugunna a gabansa na yi ƙasa da murya na ce, "Bappa, ƙaho za a yi maka. Jinin ya yi yawa."

Nan take tsoron ya tafi. Ya dube ni da idon da na sani tun ina yaro, ya miƙa hannun da kansa. Da likitar ta dawo ta tambaye shi sau biyu ko ya yarda, ya ce ya yarda, a yi maza. Ba ta san abin da na gaya masa ba, har yau ma ba ta sani ba. Yana kallon jinin na hawa cikin kwalbar, sai ya ce da ni, "Wa zai binne?"

Na ce, "Ni."

"Da kanka. Kada ka aiki kowa."

"Da kaina."

Ya ce, "Useko," wato ya gode, ya jingina da kujera. Ban ƙara kai shi ba. Bayan wannan ya yi kusan shekara biyu, magana ta ƙare, sannan tafiya ta ƙare, sannan haɗiya. Baba ne ya riƙa yi masa aski da almakashi, yana yi yana ba shi haƙuri a kan ɓarnar.

Ga halin da Goggo ta same ni a ciki. Na yi wa mutum ɗaya alkawari biyu, ɗaya yana cikin hankalinsa, ɗaya ba ya ciki, kuma ba zan iya cika ɗaya ba sai na karya ɗayan. Mutane za su ce na farkon ne alkawari. Su ba su ga idonsa ba a karo na biyun. Ina tsoron haɗuwa da shi a kan wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Allah ya sa abin da ya manta a nan ya tarar da shi cif a can, ya yafe masa, ya yafe mini ƙaryar da na yi masa.

Na gaya wa Goggo da Baba alkawarin farko, na ɓoye na biyun. Goggo ta ce maganar marar lafiya ce. Baba ya ce tun farko bai yarda ba, yanzu kuma shi ne babba namiji, bayan addu'ar bakwai zan raka shi mu karɓo. Ban yi musu ba. A raina har na ji sauƙi da wani ya ɗauke mini zaɓin.

Da safe muka hau keke mai ƙafa uku daga Mbamba. Baba ya sa farar rigarsa ta zuwa ofis, ya riƙe jakar leda da Goggo ta sa farin ƙyalle a ciki don naɗe kwalaben. Muna shiga Jimeta ya taɓa gwiwata ya ce, "Ina muka nufa ne?" Na gaya masa. Ya ce, "Haka ne, haka ne." Na ɗauka gajiyar zaman makoki ce.

Likitar ta yi mana gaisuwa, har ta yi ƙwalla. Ta ce iyali na da ikon janye jinin, ba za ta hana ba, sai dai wanda aka riga aka yi aiki da shi ba zai dawo ba. Na tambaye ta ko sun ga wani abu. Ta ce da saura, amma irin na Bappa, na mutum ɗaya tun daga farkon ciwo har ya yi nisa, ba su da shi da yawa. Ta ajiye takarda da biro a gaban Baba, ta ce za ta je ta sa a fito da su.

Baba ya sa tabarau ya ɗauki biron. Mutum ne da ya shekara talatin yana sa hannu a takardu. Ya dubi takardar, ya dubi jakar da ke cinyarsa, ya buɗe ya ga farin ƙyalle. Sai ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Me muka zo yi nan?"

Na ce, "Jinin Bappa muka zo karɓa, Baba. Za mu binne."

Na ga abin ya dawo masa, na kuma ga ya gane cewa ya tafi kafin ya dawo. Wanda ya ga ubansa, ya ga yayarsa, ya ga wansa, ba sai an yi masa bayani ba. Ya ce, "Na taɓa tambayarka yau?"

Na ce, "A'a."

Ya daɗe yana kallona. Ya rufe biron, ya ajiye shi daidai a kan takardar. Da likitar ta shigo ya miƙe ya ce, "'Yata, a mayar. A bar masa abinsa inda ya ajiye." A bakin titi, muna jiran keke, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kada ka gaya wa Dadarka." Na ce to.

Mun tarar da Goggo a zaure, tana zaune tun da muka fita, ta sa an jingina fartanya a bango. Ta dubi jakar da ke hannun Baba ta ce, "Kun karɓo?"

Baba ya juyo ya dube ni. Har yau ban sani ba ko bar mini amsar ya yi, ko shi ma jira yake ya ji.